Malamin Da Ba Ya Ganin Almajirinsa

In mutum ya fita birnin Kano ya kama hanyar Daura, tun daga Dawanau har Dambatta ba zai ga daji ba. Gona na jingine da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Ƙasar wajen ba ta san hutu ba, gama kowace shekara sai an nome ta. Abin da ya riƙe ta shi ne takin da a ke kai mata da rani, mangala bayan mangala, da itatuwan da kakanni suka bari a tsaye, su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Mutanen wurin ba su da lokacin ɓatawa, ba su kuwa da kuɗin zubarwa. Abin da duk ba ya cika rumbu, ba ya kuma ƙara wa mutum lada, da wuya su dube shi sau biyu.

To, a wani ƙauye na ƙasar Dambatta akwai wani saurayi, ɗan manomi, jikan manomi. Tun yana ƙarami aka ba shi allo, ya yi karatu gwargwado, amma bai taɓa zama kan bencin makarantar boko ba. Sai da ya ba shekara ashirin baya sa'an nan ya shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, irin waɗanda Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano ta ke buɗewa tun da aka kafa ta cikin 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A nan ya koyi baƙaƙen boko da lissafi da 'yan kalmomin Turanci. Da damina manomi ne, da rani kuwa ɗinki ya ke yi, saboda haka kowa Tela ya ke ce masa.

Cin Rani

Kowace shekara in an ɗaure dawa an kai rumbu, sai Tela ya ɗauki kan kekensa ya tafi birni cin rani. Shagon da ya ke zama yana wajen titin Gidan Zu, inda masu shirya finafinan Hausa da mawaƙansu suka yi yawa. Bango ɗaya ne tsakaninsa da wani ɗakin ɗaukar waƙa. Tun safe har dare yana taka keke, sautin fiyano na shigo masa ta taga.

Fiyano na asali wani ƙaton akwati ne na katako, wanda wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙago wajen shekarar 1700. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe da 'yan guduma, a gabansa kuwa madannai 88 jere kamar haƙora, 52 farare, 36 baƙaƙe. Wanda mutanen Kano ke kira fiyano jikansa ne mai aiki da lantarki, yawanci mai madannai 61, ƙirar kamfanin Yamaha. Bayan da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya cikin 1990, ba a yi shekara goma ba sai da wannan na'ura ta mamaye kiɗan finafinai, domin ita kaɗai tana kwaikwayon sarewa da ganga da kayan kiɗa iri iri. A danna maɓalli guda, ganga ta kama bugun kanta, makaɗi ya bi ta da 'yan yatsun dama.

Ran nan da dare, cikin ɗarin ƙarshen 2019, an ɗauke wuta, sai wani yaron ɗakin waƙar ya zo hira shagon Tela, ya nuna masa wani hoto mai motsi cikin wayarsa. Mutum uku ne. Ɗaya na kan ganguna, ɗaya na rungume da wani ƙaton goge da a ke tsayarwa a ƙasa a ja shi da yatsu, na ukun kuwa, dattijo baƙar fata mai furfura, yana zaune gaban fiyano na asali. Babu mawaƙi ko ɗaya. Tela ya lura hannun hagun dattijon aikinsa dabam, na dama aikinsa dabam, sai ka ce mutum biyu. Ya lura kuma ya kan yi kiɗa ya tsaya cik, ya bar mai goge da mai ganga su ba shi amsa, sa'an nan ya yi murmushi ya ci gaba, kamar abokai na taɗi a dandali. A ƙarƙashin hoton akwai suna, wanda Tela ya haɗa baƙaƙensa da kansa: Ahmad Jamal.

Ya tambaya, aka ce masa ai wannan shi a ke kira jaz. Kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya tsiro a birnin Niyu Olins wajen farkon ƙarni na ashirin, aka fara sayar da shi a faifai cikin 1917. Babban sirrinsa, makaɗi ba ya tsayawa ga abin da ya haddace. Akwai ginshiƙin waƙa wanda kowa ya sani, amma abin da za a ɗora bisansa nan take a ke ƙaga shi, kamar yadda Alhaji Mamman Shata ya kan tsaya gaban jama'a ya ƙaga waƙa, kalangai na biye da shi. Shi kuwa Ahmad Jamal an haife shi cikin 1930, ya musulunta yana saurayi, ya rasu cikin 2023. An san shi da sanin inda za a yi shiru cikin kiɗa.

Daren nan Tela bai yi barcin kirki ba. Yana da wani rago a gida da ya ke kiwo don Babbar Salla. Ya aika aka sayar da shi tun bai yi ƙiba ba, ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayi tsohon fiyano na gwanjo. Bai daɗe da saye ba, cikin watan Afrilu na 2020, aka ce za a rufe birnin Kano saboda annobar korona. Ana gobe za a rufe ya naɗe akwatinsa cikin tabarma, ya ɗaura bayan babur, ya komo gida, ya tura shi ƙarƙashin gado ba wanda ya sani.

Karatu Cikin Waya

Da can wanda ya ke son karatun da babu malaminsa a garinsu, sai ya rubuta takarda Ingila, a riƙa aiko masa da darasi ta gidan waya. Yanzu zamani ya sake. Wayar salula irin ta yau ta shigo Nijeriya cikin 2001, aka kuma buɗe YouTube cikin 2005, inda malaman kiɗa ba su ƙidayuwa. Malami ya kan kafa kyamara bisa kansa, yadda ba a ganin kome sai hannuwansa da madannai, yana dannawa yana bayani. Waɗansu darussa kyauta ne, waɗansu sai an biya. Tela bai taɓa wuce na kyauta ba.

Amma kyautar nan tana da ƙaya uku. Ta fari, sabis ba ya zama a ƙauyen, sai mutum ya je gindin wata kuka bakin hanya ya ɗaga hannu sama. Saboda haka ran kasuwar Dambatta ya kan sayi data ya sauke darussan mako guda cikin waya. Ta biyu, babu lantarki, sai a kai waya wurin mai caji da hasken rana a biya, fiyanon kuwa da wani tsohon batir a ke tashinsa. Ta uku ita ce Turanci, a nan kuwa ajin manya ya yi masa rana. Turawa baƙaƙe bakwai suka raɗa wa muryoyin kiɗa, daga A zuwa G, waɗannan kuwa ya san su kamar yunwar cikinsa. Ya sayi littafin rubutu, kowace kalma ta gagare shi ya rubuta ta, ya tambayi malamin firamare na garin, sa'an nan ya sa mata sunan Hausa a gefe.

Ga kaɗan daga abin da ke cikin littafin nan. Madannai ko da ya ke suna da yawa, goma sha biyu ne kurum a ke ta maimaitawa, bakwai farare, biyar baƙaƙe. Hannun hagu ya kan danna murya uku ko huɗu gaba ɗaya, ya ɗauki ɗaya ya tsallake ɗaya. Wannan Tela ya sa masa suna dami. Hannun dama kuwa shi ke yawo bisa damin yana magana. Ƙofar shiga jaz wani tsohon salo ne da a ke kira buluz, mai gaɓa goma sha biyu, kowace gaɓa bugu huɗu, dami uku kuwa sun ishe shi. In an fara daga C, sai a yi gaɓa huɗu kan damin C, biyu kan F, biyu a komo C, ɗaya a G, ɗaya a F, biyu na ƙarshe a sauka gida, sa'an nan a sake zagayowa.

Malamin cikin waya yana da halaye na yabo. Ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba ya riƙe bulala. Ko sau hamsin aka mai da shi baya zai sake faɗa da murya ɗaya, a kan iya kuma rage masa sauri har yatsunsa su riƙa tafiyar hawainiya. Aibinsa guda ne, Tela kuwa bai gane shi ba sai daga baya: ba ya ganin almajirinsa, ba ya jinsa. In ka yi daidai zai ce madalla, in ka yi kuskure ma madallar zai ce, gama tun kafin ka zauna aka ɗauki maganar.

Fushin Uba

Azumin shekarar ya wuce Tela bai taɓa akwatin ba sai bayan Salla. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sai ya zama da rana yana gona, da dare ya toshe kunnuwa da igiyar sauraro, ya yi ta danne-danne har zakara ya yi cara. Abin da a ke gudu ya auku. Noman firi ya zo, lokacin da sakacin kwana uku ke ba ciyawa sarauta, sai ga kunyoyin Tela a baya, har ƙanensa ɗan shekara goma sha biyar yana wuce shi. Mafi muni, uban ya ba shi kuɗi ya sayo takin zamani, ya sayo rabi, sauran ya zuba a data, da nufin zai mayar in ya yi ɗinki. Gero kuwa ba ya rufa asiri. Kafin wata guda gefen gona ɗaya ya yi kore shar, ɗayan ya ƙanjame.

Bayan sallar lisha uban ya kira shi zaure. Tela ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Uban ya ce, "Kai, mene ne a ƙarƙashin gadonka?"

Ya ce, "Abin kiɗa ne, Baba."

"Ina sauran takin?"

Tela ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya duka.

Tsohon ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Tun kakana ba a taɓa rataya ganga a gidan nan ba. Mu a ke yi wa kiɗa ran gayya, mu yi noma, mu ba makaɗi dami. Yau kai ne za ka bi ƙofofin mutane kana roƙo? Ka san gidan da mu ke nema maka aure. In suka ji, me zan ce da su? Duk wannan ma da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai, na ba ka amana ka ci."

Kada mai karatu ya yi saurin ganin laifin tsohon nan. A ƙasar Hausa kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado, kamar ƙira da jima da fawa, tana da gidajenta, mutane kuwa sun daɗe suna son kiɗa suna ƙin ba makaɗi 'ya. Malamai kuma sun yi maganganu a kan kayan kiɗa, waɗansu sun tsananta, waɗansu sun sassauta. Ban da wannan, wanda gonarsa ba ta fi eka uku ba, ga baki goma sha biyu na jiran tuwo, rabin buhun taki a wurinsa ba abin wasa ba ne.

Tela ya ce, "Baba, a kan taki na yi laifi, na tuba, zan biya. Amma ba roƙo na ke nufi ba. Ilmin abin na ke so, kamar yadda na so karatun boko ka bar ni."

Uban ya yanke hukunci. Kuɗin taki a biya shi daga ɗinkin Babbar Salla. Akwati kuwa a kai turakarsa a kulle, ba mai taɓa shi sai gero ya shiga rumbu. Tela bai yi musu ba. Sai ya sami wani falankin katako, ya auna, ya zana madannai a kansa da tawadar allo. Wata uku yana danna katako in ya taso daga gona, yana rera muryoyin a ransa, ya kuwa daina raba dare. Da aka gama kaka, uban ya fito da akwatin da hannunsa, ya kafa sharaɗi uku: kada kiɗa ya hana shi salla kan lokaci, kada ya hana shi gona, kada kuma a taɓa ganinsa ƙofar wani yana wasa shi don a ba shi kuɗi. Tela ya ce ya ji, ya karɓa.

Tsoho Mai Kukuma

Shekara ta zagayo, Tela ya haddace darussa wajen arba'in, ya fara jin kansa. A wata unguwa kusa da su akwai wani tsoho mai kukuma, wanda ya yi yawon biki da kasuwanni zamanin da su Garba Supa da Ibrahim Na Habu ke tashe. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba mai nemansa. Kukuma kuwa ƙanwar goge ce, ƙoƙo ne aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Tela ya sayi goro, ya ɗauki akwatinsa da batir, ya tafi gaishe shi, da nufin a yaba masa.

Ya zauna ya kaɗa darasin da ya fi ƙwarewa a kai, bai saɓa madanni ko ɗaya ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe yana tauna goro, sa'an nan ya ce, "Sake." Ya sake. Ya ce, "Sake kuma." Ya sake na uku.

Tsohon ya ce, "Ɗana, sau uku ka yi, sau uku abu ɗaya na ji. Wannan ai tilawa ce. Maganar wani ka haddace, ina taka? Sa'an nan ƙafarka ba ta da gaskiya. Inda ya yi maka sauƙi ka kan ruga, inda ya yi wuya ka kan ja jiki. Da gaban 'yan rawa ne, da sun kore ka. Malamin naka bai gaya maka ba?"

Tela ya ce, "Ba ya ji na, Baba. A cikin waya ya ke."

Tsohon ya ce, "Ashe na fi shi. Ni ko ban gani ba ina ji."

Maganar ta yi wa Tela zafi, amma da ya ɗauki kiɗansa a waya ya saurara, sai ya tarar haka ne. Shekara guda yana kuskure ɗaya, kullum yana ƙara kafa shi, ba wanda ya ce masa kanzil. Ya koma ya roƙi magani. Tsohon ya ce ya ajiye akwati kwana bakwai, kowace yamma ya zauna bayan zana ya saurari mata suna lugude. Taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace ta san lokacin faɗawarta, har a jefa taɓarya sama a tafa a cafe, bugun bai goce ba. Ya ce ya riƙa taka ƙafa tare da su, har ƙafar ta daina shawara da shi. Abin mamaki, wani abu da malaman waya suka yi ta bayani bai gane ba, watau yadda jaz ke tafiya da rangaji, bugu ɗaya dogo ɗaya gajere, a bakin turmi ya fara jinsa a jiki.

Bayan wannan suka shiga zama tare kowace Alhamis. Ran nan tsohon ya ja wata tsohuwar waƙar noma a kukuma, ya ce a nemo ta a akwati. Tela ya yi ta lalube cikin farare yana ɓata, gama bakwai ne, biyu sun yi masa yawa. Da ya hau kan baƙaƙen nan biyar, tsohon ya ɗan ja tsirkiya ta daidaita, sai ga waƙar kwance kusan duka. Dalili kuwa, yawancin waƙoƙin gargajiya na ƙasar Hausa bisa murya biyar a ke gina su, tazarar baƙaƙen madannai kuma irin wannan ce. Buluz ma bisa murya biyar ya ke tsaye, da ƙarin guda. Tela ya riƙe baki. Abin da ya ke nema ƙetaren teku, ashe da irinsa aka goye shi.

Amma akwai wata murya da kukuma ke yi in tsohon ya zame yatsa, wadda Tela ya rasa. Ya danna wannan, tsohon ya ce ta yi ƙasa. Ya danna na kusa da shi, ya ce ta yi sama. Sai ya yi dariya ya ce, "Akwatin naka giɓi gare shi. Abin da na ke nema yana tsakanin haƙoran nan biyu." Gaskiya ya faɗa. Muryoyin fiyano a yanke su ke, ba ya iya zamewa kamar goge ko muryar mutum. Makaɗan Amurka sun gamu da wannan tun da daɗewa, gama mawaƙan buluz su kan lanƙwasa murya haka nan. Dabarar da suka yi ita ce su zame yatsa daga baƙi zuwa fari da sauri, ko su danna maƙwabta biyu tare, kunne ya ji kamar ta tsakiyar ce. Tela ya taɓa ganin wannan cikin wani darasi, ya ɗauka ado ne kurum. Sai ran nan ya san abin da a ke nema da shi.

Daga nan sai amshi. Tsohon ya ja magana a kukuma ya tsaya, Tela ya amsa da hannun dama, hagu na riƙe da dami. In ya amsa da haddar waya, tsohon ya ce, "Da kai na ke magana, ba da malaminka ba." In ya cika surutu ya ce, "Bar mini wuri mana." Nan ya tuna da shirun Ahmad Jamal. Sannu sannu har ya zama in sun yi waƙa ɗaya sau uku, sau uku dabam ta ke fita.

Wani gyaran kuma a birni ya same shi. Wuyan hannunsa ya daɗe yana ciwo, ya ɗauka fartanya ce. Da ya koma cin rani, wani mai kaɗa fiyano a wani coci na Sabon Gari ya kawo ɗinki, hira ta kai su ga kiɗa. Mutumin ya dube shi yana dannawa, ya ce mazauninsa ya yi ƙasa, yatsunsa kuma a miƙe su ke, ya tanƙwasa su kamar mai riƙe da lemo. Cikin minti biyar aka warware abin da ya dame shi shekara.

Na Nesa Da Na Kusa

Tela ya ci gaba da bincike cikin waya, har ya kai ga tarihin masu abin. Wanda ya fi ba shi mamaki shi ne Yusuf Latif, wani Musulmi baƙar fatar Amurka, gwanin busa, wanda ya baro ƙasarsa da duk sunan da ya yi, ya zo ya zauna Zariya daga 1981 zuwa 1985, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya zo bincike kuwa har da sarewar Fulani, wadda makiyaya ke busawa bayan shanu.

Da Tela ya ba tsoho mai kukuma wannan labari, sai ya ce, "Ka gani? Shi ya hau jirgi ya zo neman abin da ke bayan gidanku, kai kana gindin kuka kana ɗaga hannu don abin da ke gidansu. Ku duka kun yi daidai, in dai kowa bai raina nasa ba."

Yau Tela magidanci ne. Auren nan an yi shi, ko da ya ke sai da kawunsa ya yi sawu uku gidan surukai yana ba da haƙuri. Bai yi arziki da fiyano ba, bai kuwa zama Ahmad Jamal ba, shi ma ya sani. Keke da fartanya su ke ci da gidansa. Amma in yana birni, masu ɗakin waƙa su kan kira shi in suna son kiɗan hannu biyu, su biya shi ladan aikinsa kamar kowane ma'aikaci. Allah ya yi wa tsoho mai kukuma rasuwa, waƙoƙinsa kuwa wajen ashirin suna cikin wayar Tela da cikin yatsunsa, ya kuma rubuta muryoyinsu a littafin nan da baƙaƙen boko. Uban har yau bai taɓa yabon kiɗan ba. Sai dai wata rana da yamma an gan shi tsaye bayan zana, hannu a baya, sa'ad da ɗan ke kaɗa tsohuwar waƙar noman nan. Da ya ga an gan shi, sai ya yi gyaran murya ya ce magariba ta kusa, ya wuce masallaci.

Yanzu ba kiɗa kaɗai a ke koyo cikin waya ba. Akwai mai koyon gyaran injin ban ruwa, da mai koyon yankan riga, da mai koyon kiwon kaji. Wanda ya iya karatu, ƙofar nan a buɗe ta ke gare shi, wanda bai iya ba kuwa ko sunan darasin ba zai iya nema ba. Amma mai shiga ya riƙe abin da Tela ya saya da tsada. Kada ya ciyar da waya da kuɗin taki, kada ya ba ta daren da gona ke bukatar safiyarsa. Ya tanadi littafi da alƙalami, gama abin da aka kalla ya kan gudu, abin da aka rubuta ya kan zauna. Fiye da duka, in ya ɗauko darasi wurin malamin nesa, ya kai aikinsa gaban wani na kusa mai ido da kunne, wanda zai iya ce masa, "Sake." Irin waɗannan tsofaffi suna nan kusan kowane ƙauye, zaune a inuwa ba mai tambayarsu, kuɗin makarantarsu kuwa goro ne da ladabi. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba da ilmi mai amfani, ya sa a yi aiki da shi, amin.